Layi Ɗaya Ba Ya Riƙe Shago a Dogo Nini

Ra'ayin da aka buga kwanan baya, cewa ƙaramin ɗan kasuwa ya tattara harkarsa a layi ɗaya na kiran intanet don rage kashe kuɗi, shawara ce ta wanda bai taɓa wuni a rumfa ba. A Dogo Nini, cikin Potiskum, mai POS kan ajiye sim biyu, misali na MTN da na Airtel, domin sabis na ɗaukewa ana tsaka da tura kuɗi, mai kati na tsaye yana jira. Kiran intanet yana cin data da caji, alhali wuta ba ta da tabbas. Ƙaramar waya mai madannai kuwa tana kwanaki da caji ɗaya, kuma ita ce a hannun yawancin dillalan da ke kawo shanu kasuwar Potiskum.

Marubucin ya tsallake babbar magana: sunan wa ke kan layin? Tun Disambar 2020 hukumar NCC ta wajabta haɗa kowane sim da lambar NIN. Idan yaron shago ya yi rajista da sunansa, ranar da ya bar aiki, da lambar da masu ciniki suka sani zai tafi.