Mu Fitar Da 'Obolo' Daga Raga

Duk wanda ya taɓa tsayawa da yamma ya kalli yara suna ƙwallo a filin Kawukudi, ko a wani lungu na Nima da Mamobi inda ake ajiye duwatsu biyu a ce su ne raga, ya san yadda ake raba 'yan wasa. Manyan yara biyu za su tsaya su yi ta zaɓe, wannan ya ɗauki mai gudu, wancan ya ɗauki mai yanka, har a zo kan na ƙarshe, wanda kusan kullum shi ne yaron nan mai jiki da 'yan uwansa ke kira Obolo. Shi ba a ma tambayarsa inda yake son bugawa, raga kawai ake nuna masa. Nan zai tsaya sa'a guda cur, hannu a ƙugu, wani lokaci ma da ledar FanIce a baki, yana kallon sauran suna zufa. Da magariba ya koma gida da ƙura a ƙafa, mahaifiyarsa ta ce alhamdu lillahi, yau yaro ya motsa jiki.

To, mai karatu, wannan yaro bai motsa jiki ba. Ya dai je inda ake motsa jiki. Kuma abin takaicin shi ne, a cikin duk yaran da ke filin nan babu wanda ya kai shi bukatar gudu, amma shi ne muka zaɓa ya tsaya wuri ɗaya.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne wani kira da wata baiwar Allah ta yi mana a shirinmu na lafiya a gidan rediyo. Ta ce ɗanta mai shekara 11 yana da baƙi-baƙi a bayan wuya da hammata, ta goge da soso da sabulu har fatar ta kusa saɓulewa, amma abin ya ƙi fita, ko akwai wani man da za ta shafa masa? Ma'aikaciyar jinyar da muka gayyata ranar ta tambaye ta ko yaron yana da ƙiba, ta ce ƙwarai kuwa, ai kyan jikinsa ne ma ake yaba mata. Sai aka ce mata, Hajiya, wannan ba dauɗa ba ce, ki kai shi asibiti a auna sukarin jininsa. Domin irin wannan baƙi mai laushi a wuyan yaro mai ƙiba sau da yawa alama ce ta cewa jikinsa ya fara ƙin jin maganar insulin, wato sinadarin da ke kwashe sukari daga jini ya shigar da shi cikin tsoka. Wannan kuwa ita ce hanyar da ke kai mutum ga ciwon sukari, ciwon da a da muka sani na kakanninmu ne. Bayan an rufe shirin, iyaye da dama sun yi ta kiranmu cewa su ma sun ga irin wannan baƙin a wuyan 'ya'yansu.

Mun san wani zai ce, a Zangon da wasu gidaje ba su samun cin abinci sau uku, ina aka ga zancen ƙiba? Gaskiya ne yunwa ba ta bar mu ba. Amma yanzu su biyun suna zaune gida ɗaya, wani lokaci ɗaki ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 kashi 8 cikin 100 na yara masu shekara 5 zuwa 19 a duniya ne nauyinsu ya wuce kima, amma ya zuwa 2022 sun kai kashi 20 cikin 100, wato yara sama da miliyan 390. A 2025 kuma hukumar UNICEF ta bayyana cewa a faɗin duniya yaran makaranta masu matsananciyar ƙiba sun zarce masu rama yawa, ko da yake a ƙasashenmu na kudu da Sahara rama ce ke gaba har zuwa lokacin rahoton. A nan Gana, binciken lafiyar jama'a na 2022 ya nuna kusan rabin mata masu shekara 20 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. Iyayen yaran nan ke nan, kuma tukunya ɗaya ake ci.

Yanzu bari mu zo kan ainihin maganar, wato wane irin wasa ne ke amfanar yaro. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2020 ita ce, yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 a kowace rana yana motsi mai ɗan ƙarfi zuwa mai ƙarfi sosai, sannan aƙalla kwana 3 a mako a haɗa da mai ƙarfin gaske da irin wanda ke gina ƙashi da tsoka, kamar tsalle da hawa. Kalmar da muke tsallakewa a nan ita ce ƙarfi. Tafiya sayen koko da ƙosai a bakin titi motsi ne, amma ba shi ake nufi ba. Kuma ba sai uwa ta mallaki wata na'ura ba kafin ta gane bambancin. Ki saurari numfashinsa kawai. Idan yaro yana wasa kuma yana iya rera waƙa, wasan bai kai ba. Idan yana iya magana amma waƙa ta gagare shi, an shiga matsakaici. Idan kuwa ba ya iya haɗa kalmomi uku ko huɗu sai ya tsaya ya ja numfashi, to an kai mai ƙarfi. Mai tsaron raga a ƙwallon lungu yana iya karanta izu guda bai yi haki ba.

Akwai wani bincike da aka yi a jihar Jojiya ta Amurka, aka buga shi a 2012 a mujallar ƙungiyar likitocin ƙasar, wanda ya kamata kowane malamin makaranta a Zango ya ji labarinsa. An ɗauki yara 222 masu ƙiba, 'yan shekara 7 zuwa 11, waɗanda ba su saba motsa jiki ba, aka kasa su uku. Kashi na farko aka bar su yadda suke, na biyu suna wasa na minti 20 bayan an tashi makaranta, na uku minti 40, har tsawon kimanin mako 13. Ba a hana kowa abinci ba. Wasan ma ba wani na musamman ba ne, guje-guje ne da tsallen igiya da ƙwallo da aka sauya wa ƙa'ida don kowa ya yi ta motsi, kuma abin da ake yaba wa yaro a kai shi ne yadda zuciyarsa ta buga da sauri, ba yawan ƙwallon da ya ci ba. Da aka auna su a ƙarshe, waɗanda suka yi wasan kitsen jikinsu ya ragu, har da kitsen cikin ciki wanda ya fi haɗari, kuma jikinsu ya fi karɓar insulin. 'Yan minti 40 sun fi samun ragin kitse, amma 'yan minti 20 ma sun amfana ƙwarai. Minti 20 fa, jama'a, bai kai tsawon labaran rana ba.

Akwai darasi na biyu a ciki, wanda iyaye mata musamman ya kamata su riƙe. Kada a sa yaro wasa wata guda, a ɗora shi a sikeli, a ga nauyi bai sauka ba, a ce aikin banza aka yi. Yaro girma yake yi, tsoka na ƙaruwa, ƙashi na nauyi. Amfanin yana cikin jini da zuciya da numfashi, inda sikeli ba ya gani.

To me ya hana yaranmu samun wannan sa'a guda? Mu da muka haura shekara 40 mun tashi ne a lokacin da ba a ce wa yaro je ka yi wasa, sai dai a ce masa dawo gida. Maza na langa da kokawa da caskele da pilolo, mata na ampe da gaɗa da tsallen igiya har sai an kira sallar isha'i. Duk wanda ya ga 'yan mata suna ampe da gaske, tsalle da tafi babu tsayawa, ya san babu wani ɗakin motsa jiki a Osu ko East Legon da zai ba su abin da ya fi haka. Yau kuwa dubi ranar yaro ɗan firamare a Mamobi. Ya tashi da asuba, ya shiga trotro ko a goya shi a babur, ya zauna a aji har ƙarfe 3, a ƙara masa darasin kuɗi na bayan tashi, ya dawo ya wuce makarantar allo ko islamiyya har magariba, sannan aikin gida, sannan wayar mamansa ko talabijin har barci ya ɗauke shi. Asabar da Lahadi ma makaranta ce tun safe. Da yawa daga ƙananan makarantun kuɗi na unguwanninmu a cikin gidajen haya suke, babu fili ko na shanya tabarma, kuma ko inda aka rubuta darasin motsa jiki a jadawali, da zarar jarrabawar BECE ta matso sai lissafi ya cinye shi.

Fili kuma ya ƙare. Inda muka yi ƙwallo muna yara yanzu shago ne, ko kwantena, ko wurin ajiye motoci, ko rumfar biki. Abin da ya rage shi ne bakin babban kwalbatin nan da titin Nima mai cike da motoci. Uwar da ta kulle ɗanta a ɗaki da waya ba wauta ta yi ba. Tana tsoron babura, tana tsoron masu shaye-shaye, kuma ba ta manta da faɗan 'yan daba da aka yi a Nima a watan Janairun 2022 ba. Ba za mu zarge ta ba. Sai dai ɗakin ma yana da nasa haɗarin, wanda ba ya jini a gani, sai bayan shekara 15 ya bayyana a layin masu ciwon sukari da hawan jini a Babban Asibitin Mamobi.

Tun daga 2017, lokacin da aka kafa ma'aikatar raya Zangonni wadda daga baya aka rushe, an shimfiɗa filayen ƙwallo na ciyawar roba a wasu unguwanni, kuma mun yaba. Amma mu tambayi kanmu, wa ke hawa irin waɗannan filaye? Ƙungiyoyi ne da manyan samari da yaran da aka ga suna da ƙafa. Dukkanmu muna alfahari da Mohammed Kudus, ɗan Nima da ya fara daga ƙungiyar yara ta Strong Tower, ya wuce makarantar ƙwallo ta Right to Dream, ya je Denmak da Ajax da West Ham, a 2025 ya koma Tottenham, wanda kuma ya ci wa Gana ƙwallo biyu a ragar Koriya ta Kudu a gasar cin kofin duniya ta 2022. Allah ya ƙara masa ɗaukaka. Sai dai nasararsa ta sa kowane koci a unguwa yana neman Kudus na gaba ne kawai. Yaro ɗaya cikin dubbai zai kai Turai. Sauran fa, musamman wanda ba zai taɓa cin gasar gudu ba, wa ke shirya musu wasa?

Na 'yan mata ya fi muni. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya nuna kashi 85 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa samun isasshen motsi, maza kuma kashi 78. A wurinmu da yarinya ta kai shekara 10 ko 11 sai a ce ta girma, tsalle ba nata ba ne, ta zauna ta taya tuyar masa. Alhali malamanmu da kansu suna karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA) ta wuce shi, daga baya da jikinta ya yi nauyi suka sake, ya wuce ta. Idan matsalar ita ce idon maza, to a ba su tsakar gida ko harabar makaranta su kaɗai, da malama mace a kansu. Wannan ba ya bukatar kuɗin gwamnati.

Shi ya sa kiranmu na farko ga malaman makarantun allo da islamiyya ne, domin su ne ke riƙe da yaran a daidai lokacin da rana ta yi sanyi. Malam, a yanke minti 20 bayan la'asar, a fitar da yara harabar masallaci ko lungun da ke gaban makaranta, manyan ɗalibai biyu su tsare bakin hanya. Ba za a rasa karatu ba, yaron da ya yi gudu ya sha ruwa ya fi mai gyangyaɗi riƙe hadda. Kuma a zaɓi wasan da ba a fitar da kowa. Wasan da wanda aka kama zai koma gefe ya zauna, mai jiki ne za a fara kamawa, ya shafe sauran lokacin yana kallo. A yi ƙwallon mutum uku-uku ko huɗu-huɗu da ƙananan raga marasa gola, ko kuwa tsaron raga ya riƙa zagayawa duk bayan minti 5. A hana sunan Obolo a wurin, domin yaron da ake yi wa dariya in ya yi gudu, gobe ba zai fito ba.

Ga majalisun Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa, waɗanda tun 2018 suke kula da Nima da Mamobi, da 'yan majalisar unguwanni da sarakunanmu na Zango, tambayarmu ɗaya ce. Muna rufe titi don suna da biki da zaman makoki, mu kafa rumfa da kujeru tun safe har dare, babu mai cewa uffan. Me zai hana a rufe lungu ɗaya a kowace unguwa na sa'a biyu ranar Lahadi da yamma saboda yara? Haka kuma duk filin da aka gyara da kuɗin jama'a, a ware wa 'yan firamare da 'yan mata sa'o'insu kyauta, a rubuta a allo a bakin ƙofa.

Iyaye kuma a yi hattara da abu biyu. Yaron da ya daɗe ba ya motsi kada a fara masa da ƙarfi rana ɗaya, ko a sa shi tsallen kwaɗo da sunan horo, ko a fitar da shi da tsakar rana. A fara da kaɗan, a ba shi ruwa, a riƙa ƙarawa. Idan yana kukan ciwon ƙirji, ko numfashinsa na shaƙewa da ƙara, ko ya fara ɗingishi yana cewa ƙugu ko gwiwa na masa ciwo, a kai shi asibiti kafin a ci gaba. Na biyu, kada a biya shi ladan gudu da lemon kwalba. Gwangwani ɗaya na mililita 330 yana ɗauke da sukari kusan giram 35, wato cokalin shayi 8 zuwa 9, wanda zai iya mayar masa da abin da ya ƙona a rabin sa'a na wasa. Harajin kashi 20 cikin 100 da gwamnati ta ɗora wa kayan sha masu zaƙi a 2023 bai shafi zoɓo da burkina da muke haɗawa a gida ba, waɗannan hannunmu ne ke zuba musu sukari.

Ita kuwa baiwar Allah da ta kira mu, ta sake kira bayan wasu makonni. Ta ce an auna yaron, sukarin bai kai na ciwo ba tukuna, amma an gargaɗe ta. Ta saya masa igiyar tsalle a kasuwar Nima ranar Laraba, ya ƙi taɓawa don kunyar 'yan gidan haya, sai da ta fito ita da ƙanwarta suka fara yi a tsakar gida bayan la'asar, yara suna ƙirga musu. Ta ce ranar farko ita ta tsaya a 12, shi ya kai 30.