Yaran Da Muke Ɓoyewa A Zango

Ran 2 ga watan Afrilu na kowace shekara ita ce ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe, tun 2007, domin tunawa da masu galahanga, wato larurar nan da likitoci ke kira otizim. A Ikko akan yi taro, iyaye su miƙe su faɗi abin da suke gani a 'ya'yansu, jaridu su buga. Amma da wuya ka ji muryar Bahaushe a wurin, sai ka ce babu irin waɗannan yara a Agege da Idi Araba da Sabon Badun. Alhali kuwa akwai su, ɓoye su muke yi.

Kowa ya zauna a zango ya san irin yaron. Ya kai shekara uku ko huɗu bai fara magana ba, a kira sunansa bai waiwayo ba, ba ya haɗa ido da mutane, ƙarar janareta ko ta injin markaɗe takan sa shi toshe kunne yana ihu. Akwai kuma wanda ba ya iya zama wuri ɗaya ko da na minti biyar, da wanda ke da kaifin basira amma haruffa na rikice masa a allo. Mu kuwa sai mu tara su duka mu ce dolo, ko ɗan ruwa, ko mu ce an yi masa sammu. Likitoci sun ce halittar ƙwaƙwalwarsu ce ta zo daban, gado yana da hannu a ciki sosai, kuma ba tarbiyyar uwa ke jawo shi ba. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2022, wajen yaro 1 cikin 100 yana da galahanga.

To, zaman Kurmi yana ƙara wa abin nauyi. A gida Arewa akwai kaka da gwaggo da babban tsakar gida. A nan kuwa ɗaki ɗaya ne na haya, maƙwabta kowa da yarensa, maigida ya fita kara ko kasuwar Mil Sha Biyu tun da asuba. Uwa kaɗai ke fama. In yaro ya yi kuka cikin dare mai gidan haya ya yi ƙorafi, in ya fita waje yara su bi shi da tsokana. Daga nan sai a kulle shi a ɗaki. Wasu iyayen kan ce yawan harsuna ne ya hana shi magana, su yi ta jira, ga shi kuwa jin Hausa da Yarabanci tare ba ya jawo wannan larura. In jira ya ƙi, sai a sa shi a mota a kai wa tsohuwa a ƙauye, wani lokaci ma har da uwar da takardar saki.

Ɓoyon nan yana da mugun ƙarshe. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, a watan Nuwamba kuma suka fito da 259 daga wani a Badun, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Da yawansu 'yan'uwansu ne suka kai su da hannunsu. Iyalin da ba su sami wanda za su gaya wa damuwarsu ba, irin wannan ƙofa suke ƙwanƙwasawa.

Abin takaici shi ne taimako ya fi kusa da mu a nan fiye da ƙauyen da muke tura yaran. Asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba yana da sashen yara a Oshodi, asibitin koyarwa na Badun yana da nasa, haka ma asibitin Aro a Abekuta. Galahanga ba ta da allura ko ƙwayar da ke kawar da ita, amma koyar da magana da koyar da yaro hidimar kansa suna aiki ƙwarai in an fara da wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bugu da ƙari, dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su ilmi kyauta har sakandare, ta kuma yanka tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga wanda ya wulaƙanta su saboda larurarsu. Jihar Ikko ma tana da tata dokar tun 2011, da azuzuwa na musamman a wasu makarantun gwamnati. Sai dai doka ba ta san yaron da ke kulle a ɗaki ba.

Saboda haka muna kira ga sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa. Yadda ake zama a fada a sasanta rikicin dillalai, haka ya kamata a keɓe rana iyayen waɗannan yara su haɗu, mata a nasu wuri, kowa ya faɗi abin da ya gwada da inda ya je. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Uwar da ta gano yadda ɗanta ke nuna yunwa ba tare da magana ba tana da ilmin da wata uwar ke nema ido rufe. A kuma samo tafinta daga cikin samarinmu masu jin Turanci da Yarabanci, domin uwa ta iya yi wa likita bayani da bakinta.

Su ma masu larurar da suka girma, waɗanda ke iya magana, a ba su dama su faɗi yadda suke ji, a saurare su. Maigida kuwa ya sani, rufe shago na rana ɗaya domin kai yaro asibiti ba asara ba ce. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da ya ba mu, amin.