Talabijin ɗin da 'yan ci-rani ke aikowa Tamaske: allo ya iso, hoto bai iso ba

Duk wanda ya san ƙasar Adar ya san yadda kaya ke shigowa gida idan Sallah ta gabato ko damina ta kawo kai. Motocin da ke sauke fasinja a Tawa, da masu wucewa Tamaske da Keita, da masu bi ta Madawa zuwa Buza, suna zuwa ne ɗauke da buhuna da katifu da kwalaye. A 'yan shekarun nan, cikin kayan ba a rasa wani kwali mai faɗi, marar kauri, wanda aka naɗe da bargo aka ɗaure da igiya, mai shi kuma yana ta roƙon yaron mota kada a ɗora komai a kansa. Talabijin ne na bango, wanda wani matashi ya yi watanni yana tara kuɗinsa a Abijan ko Legas ko Libiya, don mahaifiyarsa ta ga Ka'aba kai tsaye a watan azumi, ƙannensa kuma su daina kwana a gidan kallo.

Niyyar mai kyau ce. Sai dai sau da yawa abin da ke biyo baya shi ne takaici. A kafa allon, a kunna, hoton ya fito dishi-dishi, bai fi na tsohuwar akwati mai ƙusumbi ba. Ko a yi ta neman tasha a rasa ko ɗaya. Ko kuma a jona shi a wuta ya yi ƙara sau ɗaya, ya yi shiru har abada. Daga nan sai zargi: an ce ɗan kasuwa ya yi cuta, an ce mai haɗawa ya canza wani abu a ciki, an ce hanya ce ta lalata shi. A mafi yawan lokuta babu wanda ya yi cuta. Na'urar ce aka saya ba tare da an tambayi abin da za a haɗa ta da shi ba.

Matsala ta farko tana cikin akwatin kanta. Kowane talabijin yana da sashen da ke kamo tashoshi daga eriya, kuma duniya ba ta yi ittifaƙi kan tsari ɗaya ba. Amurka da Kanada suna amfani da ATSC, Japan da Brazil suna da ISDB-T, Turai da akasarin Afirka kuma suna kan DVB. Ko a cikin DVB akwai tsoho da sabo. Ƙasashen ƙungiyar UEMOA, wadda Nijar ke ciki, sun tsaya kan DVB-T2 tare da tsarin matse hoto na MPEG-4. Ma'ana, talabijin da aka ɗauko daga Amurka ba zai kamo tashar dijital ta eriya a Nijar ba, komai tsadarsa. Tsohon talabijin na Turai mai DVB-T kaɗai shi ma ba zai gane siginar DVB-T2 ba. Faransa ta sauya tsarinta a watan Afrilun 2016, Jamus ta koma DVB-T2 a 2017, kuma duk lokacin da aka yi irin wannan sauyi a can, akwatunan da aka yi ritayarsu sukan sami hanyar shiga kwantena. Mai saye a kasuwar gwanjo yana ganin allo mai sheƙi da suna sananne, ba ya ganin abin da ya sa mai shi na farko ya rabu da shi.

Sai batun wuta, wanda shi ne ya fi kashe kaya. Lantarkin Nijar na kan bolt 220 ne, na Amurka kuwa 120. Wasu na'urorin suna karɓar duka biyun, wasu ba sa karɓa, kuma amsar tana rubuce a 'yar takardar da ke manne a bayan akwatin. Minti ɗaya ya isa a karanta ta. Ko an dace da wannan, wutar da ke zuwa tana ɗaukewa, tana dawowa da ƙarfi, ita ce babbar abokiyar gabar allon zamani. Ba a manta ba yadda Najeriya ta katse layin wutar da take bai wa Nijar a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, a lokacin da kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin ƙasar daga can yake zuwa, kuma sai a watan Maris na 2024 aka mayar. Tashar hasken rana ta Malbaza, mai megawat 7, da aka buɗe a 2018 a cikin jihar Tawa, ta taimaka, amma har yanzu kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da lantarki a faɗin ƙasar. A ƙauyukan da ke kewaye da Tamaske, inda gida ke dogaro da faifan sola ɗaya da batir, lissafin a fili yake. Allon LED mai inci 32 yana cin wajen wat 40 zuwa 50. Tsohon plasma mai inci 50 yana iya cin ninki biyar ko shida na haka. Wanda ya aiko da babban plasma gidan da ke kan batir ɗaya ya aiko da kayan ado ne.

Abin da ya fi ban haushi shi ne na waya, domin shi ne mafi arha. Gidaje da yawa sun sayi allo mai kaifin hoto, sun sayi dikoda mai kaifin hoto, sannan suka haɗa su da wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja. Wannan waya ba ta iya ɗaukar fiye da hoton da, mai layi 576. Allon da ake kira Full HD yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wato sama da ɗigo miliyan biyu, kusan ninki biyar na tsohon hoto. Idan aka ba shi ɗan ƙaramin hoto, sai ya miƙe shi ya cika fuskarsa da shi, shi ya sa yake fitowa kamar an shafa masa mai. Maganin shi ne wayar HDMI, wadda ke ɗaukar hoto da sauti a tare, kuma kuɗinta bai kai na ɗaurin igiyar da aka yi wa kwalin a tasha ba. Bayan an haɗa, a shiga saitin dikodar a ɗaga hoton zuwa 1080, domin wasu suna zuwa a saite kan ƙaramin mataki. Kuma kada wani ya ruɗi mai saye da waya mai bakin zinariya a farashin buhun gero: a tazarar mita ɗaya ko biyu, siginar dijital ko dai ta iso ko ba ta iso ba, tsadar waya ba ta ƙara wa fuskar ɗan wasa haske.

Ko an yi duk wannan, allon ba zai nuna abin da ba a aiko masa ba. Wanda ya sayi 4K yana kallon tashar da ke watsa tsohon hoto, ya biya kuɗin abin da ba zai gani ba.

Naɗar shiri don kallo daga baya abu ne da ya dace da rayuwar Adar fiye da yadda masu sayar da kaya suka lura. Manomin albasa da ke fadama lokacin da ake labarai, ko gidan da wutarsa ke zuwa tsakar dare, su ne suka fi kowa buƙatar na'urar da za ta ajiye musu shiri. Dikodojin tashoshin kyauta da yawa suna da ƙofar USB da ke naɗa a kan filas ko faifan ajiya, amma mutane ƙalilan ne aka taɓa nuna wa madannin. Dikodojin kamfanonin da ake biya duk wata kuwa, waɗanda ke naɗa a cikinsu, sukan kulle abin da aka naɗa ta yadda ba zai buɗu a wata na'ura ba. Ya kamata a faɗa wa mai saye wannan tun a shago. A zahiri, babbar na'urar naɗa ta ƙasar Hausa ita ce shagon masu tura fina-finai a memori, inda ake loda Labarina da Daɗin Kowa da wa'azi a kai gida. Filas ɗin nan da ake sokawa a gefen talabijin ya fi kowace sabuwar fasaha aiki a karkara, kuma mai hankali zai duba ko allon da zai saya yana karanta shi kafin ya duba girman incinsa.

Matasan birni sun riga sun wuce nan. Suna haɗa tsohuwar kwamfutar cinya da talabijin, ko su sayi ƙaramin akwatin Android mai shiga intanet. Kwamfuta mai ƙofar HDMI ba ta da wahala. Mai ƙofar VGA, shuɗiyar nan mai ramuka 15, hoto kawai take fitarwa, sauti sai an ja masa wata waya daban, kuma rashin sanin haka ya sa an mayar da kaya masu lafiya wurin mai shago ana faɗa. Akwatunan Android marasa suna, waɗanda ake tallarsu da alkawarin tashoshi dubu kyauta har abada, su ne abin tsoro. A watan Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi kan wata muguwar manhaja da ake kira BADBOX 2.0, wadda ake samu a cikin irin waɗannan na'urori tun kafin su isa hannun mai saye, tana amfani da intanet ɗin gida wajen aikata laifi ba da sanin masu gida ba. Sannan akwai kuɗin data. Kamfanin Netflix da kansa yana ƙiyasta cewa kallon awa ɗaya da hoto mai kaifi na iya cin giga 3, na 4K kuma giga 7. Wanda ke sayen data a Airtel ko Moov ko Zamani ya san abin da wasan ƙwallo ɗaya zai ci masa. Starlink ta fara aiki a Nijar a 2025, amma kuɗin na'urarta da na wata-wata sun fi dacewa da mai gidan kallo ko ƙungiya fiye da gida ɗaya.

Laifin bai tsaya kan mai saye ba. A 2006 ƙasashe suka sa hannu a Geneva, ƙarƙashin hukumar sadarwa ta duniya ITU, kan cewa za a bar tsohon tsarin watsa talabijin a koma dijital kafin 17 ga Yunin 2015. Nijar ba ta cika wa'adin ba. Najeriya ma ba ta cika ba: ta fara gwaji a Jos a 2016, ta kai Kano sai a 2021, kuma aikin bai kammala ba. Burkina Faso, wadda ba ta fi Nijar arziki da wani abin kirki ba, ta kashe tsohon tsarinta a 2019. Amfanin dijital ta eriya shi ne talaka ya sami tashoshin ƙasarsa da hoto mai kyau ba tare da biyan kuɗin wata ba. Inda siginar ba ta kai ba, ko ba a san ta kai ba, dole mutum ya kafa faranti, kuma da yawa sukan ƙare suna biyan kamfanin waje kafin su kalli Télé Sahel da gasar kokawar takobi. Tamaske na cikin ƙasar duwatsu da kwaruruka, inda tudu ɗaya ke iya tare sigina daga gari guda. Hakkin hukumar watsa shirye-shirye ta ƙasa ne ta fito da bayani a fili, da Hausa da Tamajaƙ a gidajen rediyon gari, cewa ga inda dijital ta kai, ga inda ba ta kai ba, ga irin eriya da dikodar da za a saya.

Abin kunya ne ma a ce Nijar ce ke jan ƙafa a wannan fanni. Tun a 1964 ƙasar ta fara koyar da yara ta talabijin a makarantu, kuma kafin ƙarshen shekarun 1960 an riga an gwada kunna akwatin makaranta da hasken rana a kusa da Yamai. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shafe shekaru yana jagorantar cibiyar binciken makamashin rana ta ƙasa. Ƙasar da ta haɗa talabijin da sola tun kafin a haifi iyayen 'yan ci-ranin yau bai kamata jikokinta su rasa wanda zai auna musu batir ba.

Masu haɗa faranti da ke yawo da tsani da guduma a garuruwan Keita da Buza da Madawa sun koyi aikin ne da ido da kuskure, kuma wasunsu gwanaye ne. Abin da suka rasa shi ne horo na 'yan makonni kan lantarki da sola da saitin dijital, da na'urar auna sigina, da takardar shaida da za ta raba gwani da mai lalube. Cibiyoyin koyar da sana'a na ƙananan hukumomi za su iya ɗaukar wannan ba tare da jiran wani babban shiri daga waje ba, kuma ƙungiyoyin 'yan asalin Tamaske da ke ƙetare, waɗanda suka saba haɗa kuɗi don masallaci da rijiya, za su iya sayen kayan aikin aji guda. Kwastan kuma tana da aikin yi a Birnin Ƙonni da sauran mashigai: akwatin da ba zai kama tsarin ƙasa ba, ko wanda ya riga ya mutu tun a kwantena, shara ce, kuma yarjejeniyar Bamako ta 1991 ta hana shigo da shara mai guba Afirka. Idan allon ya mutu a Tamaske, babu inda za a kai shi sai bayan gari, inda yara ke fasa shi suna neman jan ƙarfe.

Shi kuwa ɗan ci-rani da ke tsaye a shago a Adjamé ko kasuwar Alaba, kafin ya zaro kuɗi, ya kira gida ya tambayi wace wuta ake da ita, awa nawa take yi, da eriya ake kallo ko da faranti. Ya juya akwatin ya nemi rubutun DVB-T2 da na 220, ya ƙirga ƙofofin HDMI da USB, ya sa a kunna masa a gabansa. Idan gidan na kan sola ne, ya nemi mai aiki da bolt 12 kai tsaye, ko da ya fi ƙanƙanta da inci goma. A cikin kwalin ya jefa wayar HDMI biyu da na'urar daidaita wuta, ya kuma ware kuɗin mai haɗawa daban, don kada a bar aikin a hannun ƙanen da ya fi kowa ƙarfin hali.