ƊAKIN DA YA TSAGE BA YA JIRAN KAKA

Ni dai yau raina a ɓace yake, kuma sai na faɗa ko da za a ce na cika baki.

Ƙanwata tana aure a Rogo, gidan haya, ciki da falo. Tun bazara bangon ɗakinta ya tsage, har kana hango hasken waje ta ciki. Ta yi wa mijinta magana, shi kuma ya yi wa mai gida, mai gida ya ce a bari sai kaka in ya sayar da masara. To, ruwan Agusta bai san da wannan alkawari ba. Kwana biyu ana tafkawa, daren na uku bango ya rufta. Allah Ya tsare rai, amma gado da katifa da kwanukan da Inna ta yi shekaru tana tara mata, duk suka tafi ƙarƙashin ƙasa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne abin da ya biyo baya. Namiji in ɗaki ya faɗi, sai ya shimfiɗa tabarma a zauren abokinsa. Ke kuwa sai a ce "ki je gida kafin a ga hali", ki kwashi 'ya'ya ki koma gaban iyayenki kamar wadda aka saka. Masu agaji su zo da buhun hatsi da tabarma, a ɗauki hoto, a watse. Don Allah, tabarma ɗaki ce?

Kuma ba yau aka fara ba. Da aka gama dam ɗin Challawa a ƙasar Karaye a 1992, ruwa ya cinye gonaki da ƙauyuka, aka tashi mutane. A Bakolori ma, 1980, manoman da suka tsaya kan diyyarsu harsashi aka amsa musu da shi. A duk irin wannan lissafi sunan maigida ake rubutawa. Wa ya taɓa ƙirga murhun mace, ko rijiyar da take ɗiba, ko maƙwabciyar da ke karɓar mata haihuwa?

Ni abin da nake nema ba shi da yawa. Tun 2024 Karaye da Rogo su ne ƙasar Masarautar Karaye. Dagatai da masu unguwa su zaga gidajen haya kafin damina, duk ɗakin da ya tsage a hana karɓar kuɗinsa sai an gyara. Wanda kuma aka tasa, a ba shi fili a kan tudu da takardarsa a hannu, kusa da ruwa da gona, ba a jefa shi a fadama ba. Masu buga bulon da in ka murza yake zama gari su ma a taka musu burki.

Ƙanwata dai wata bakwai ke nan tana ɗakin Inna. Mai gidan ya ɗora sabon bango a kan tsohon tushen, ya shafa farar ƙasa, ya ƙara kuɗin haya, har wata amaryar ta tare.