Bazara Da Cututtukanta: Tawakkali Ba Ya Hana Rigakafi

 

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, bazara ta kama. Daga Maris zuwa faɗuwar ruwa ne sanƙarau ya fi yin ɓarna a ƙasashenmu, tun daga Senegal har Habasha. Busasshiyar iska da ƙura suna raunana maƙogwaro, ƙwayar cutar kuma tana bin tari da atishawa, musamman inda aka cunkushe a ɗaki guda, tagogi a rufe. A 1996 fiye da mutum 100,000 suka kamu a Nijeriya, sama da 11,000 suka riga mu gidan gaskiya. A 2017 ta sake ɓarkewa daga Zamfara.

Alamunta su ne zazzaɓi mai zafi, matsanancin ciwon kai, amai da sandarewar wuya. Ga jariri kuwa maɗiga kan kumbura. Tana iya kashe mutum cikin yini guda, wanda ya tsira ma yakan kurumce. Saboda haka a garzaya asibiti nan take, kada a tsaya sai an ga yadda ta kwana.

Wasu kan ce ai komai ƙaddara ce. Gaskiya ne, amma mu tuna da Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda. Ya nufi Sham, sai labari ya tarye shi a hanya cewa annoba ta ɓarke can. Ya yi shawara da Sahabbai, ya juya da jama'a zuwa Madina, ya kuma nuna wa Abu Ubaida cewa juyawar ita ma cikin ƙaddarar Allah take. To, wane ne a cikinmu ya fi Umar tawakkali?

Allura tana nan. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da Men5CV, mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar. Alhazanmu ma sun sani Saudiyya tana sharɗanta allurar sanƙarau ga maniyyata. Wanda ya miƙa hannu domin Hajji, me zai hana ya kai 'ya'yansa?

Sai batun ruwa. Idan rijiyoyi suka ƙafe, jama'a kan sha duk abin da 'yan garuwa suka kawo, daga nan amai da gudawa da taifod suke samun ƙofa. Mu tafasa ruwan sha, mu rufe randuna da kwanuka kamar yadda Sunna ta koyar, mu wanke hannu da sabulu bayan kewayawa. Mai gudawa a jiƙa masa sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin cokali cikin lita 1 ta tsabtataccen ruwa, a yi ta ba shi har a kai shi asibiti.

Ɗan kasuwa mai sayar da abinci ko abin sha, lafiyar mai saye amana ce a wuyansa. Ma'aikaci da aka damƙa wa allura ko famfon gari, shi ma za a tambaye shi ranar gobe.

Allah Ya kiyashe mu, Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin. Wassalam.