Sharhi: Yaushe 5G Za Ta Isa Karkara?

A watan Disamba na 2021 ne Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, ta yi gwanjon lasisin sabuwar hanyar sadarwar nan ta wayar hannu da ake kira 5G. Kamfanonin MTN da Mafab suka yi nasara, kowannensu a kan dala miliyan 273.6. A 2022 MTN ya fara aiki da ita a birane bakwai, cikinsu har da Ikko da Abuja da Kano da Maiduguri, sa'an nan Airtel ya bi sahu a watan Yuni na 2023.

Duk wanda ya dubi wannan jeri zai ga cewa birni ake fara yi wa rabo. Wannan kuwa ba abin mamaki ba ne, gama kamfanin da ya zuba irin waɗannan maƙudan kuɗi a kan lasisi kaɗai tilas ya fara da inda zai mai da uwar kuɗinsa. Haka aka yi a 2001 sa'ad da wayar hannu ta iso ƙasar nan.

To, amma lasisi somin taɓi ne. Zangon da aka sayar, na gigahaz 3.5, yana ɗaukar saƙo mai yawa cikin sauri, sai dai ba ya cin nisa, saboda haka dole a kafa turaku kusa da juna. Turke yakan bukaci a haɗa shi da igiyar intanet da ake binnewa a ƙasa, yana kuma bukatar lantarki, wanda galibi janareto ne ke ba shi. Bayan haka, wayar da ke kama 5G ta fi ƙarfin aljihun manomi.

Ba shakka a nan ne gwamnatocin jihohi suke da abin yi. An daidaita a kan naira 145 ga kowace mita a matsayin kuɗin izinin binne igiya, har Jihar Kaduna ta yafe shi ɗungurungum a 2020. A ganinmu ya kamata sauran jihohi su yi koyi da ita, a kuma yi amfani da asusun da dokar sadarwa ta 2003 ta tanada domin yankunan da kamfanoni ba su ganin riba. In ba haka ba, ɗalibin ƙauye da ma'aikacin ƙaramin asibiti za su daɗe suna jin labarin 5G a rediyo kawai.