Filin Wasa Ma Maganar Tsaro Ce

Duk wanda ya ta da zancen filin wasa a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa, amsa ɗaya yake samu: ana ta kai, wa yake ta kaya? Wai jama'a na kwana da ido ɗaya saboda 'yan bindiga, don haka maganar ƙwallo da dambe sai an samu lafiya. Wannan ra'ayi ya samu gindin zama a majalisu da ofisoshi, kuma kuskure ne mai tsada.

Rashin tsaron ne ma ya sa batun ya zama na gaggawa. Mutanen ƙauyuka sun kwararo cikin gari, kuɗin fili ya tashi. Dandalin da samari ke jera duwatsu a matsayin raga bayan la'asar, wata safiya sai ka tarar an yanka shi fulotai, tifa ta juye yashi, ana buga bulo. Yaran ba sa daina wasa. Bayan gari suke komawa, gefen gonaki, inda ba idon babba. Wanda ya tuna daren 11 ga Disamba 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, ya san cewa inda ake tara yara ba ƙaramar magana ba ce.

Akwai hanyar zaɓen wuri da ta fi "ga kangon da ya rage, a ba su". Ana ɗaukar hoton tauraron ɗan'adam, a ɗora masa taswira kan taswira a kwamfuta: unguwannin da suka fi cunkoso, nisan da yaro zai taka da ƙafa, kwarin da ruwa ke kwanciya da damina, hanyoyin da ke fitowa daga daji, da kusanci da ofishin 'yan sanda ko jami'an tsaron al'umma da Gwamnan Katsina Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a 2023. Wurin da ya cika sharuɗɗan shi ake kewayewa. Hukumar Lafiya ta Duniya, reshen Turai, ta ba da shawarar kada filin shan iska na jama'a mai ciyawa da bishiyoyi ya wuce mita 300 daga gidajen mutane. Sauran bayanin kuma yana bakin mai unguwa da iyaye mata, waɗanda suka san lungun da ba a bi bayan magariba.

Kayan aikin na nan. Jihar Katsina tana da hukumar KATGIS mai taswirar filaye, kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna. Idan taswira za ta iya nemo fulotin da za a karɓi haraji a kansa, za ta iya nemo wanda za a hana sayarwa.

Shugabannin ƙananan hukumomin uku su nemi a ware filayen yanzu, a ba su takardar mallaka da sunan jama'a. Idan aka jira sai an samu zaman lafiya, za a tarar dillalai sun gama rabon gari.